Halin Shugaba da Zaman Wurin Aiki

Duk inda mutane suka taru a kan aiki guda, ko gona ce, ko ofis, ko wurin gyaran hanya, ba a rasa saɓani. Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa, balle 'yan Adam, waɗanda kowa da irin zuciyarsa da irin bukatarsa. Wannan ya ce aikin da aka ɗora masa ya fi na ɗan'uwansa, wancan ya ce an yabi wani a kan gumin da shi ya zubar, wani kuma ya ce an yi rabo ba ya nan. Irin wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne, me ya sa a wani wuri saɓani ya kan mutu kafin la'asar, a wani wuri kuwa ya kwana, ya shekara, har ya raba 'yan'uwa ko ya rushe ma'aikata? In aka bi sawun abin a hankali, sau da yawa a kan tarar ya tsaya a ƙofar wanda ke shugabancin wurin.

Shugaba ba shi da ikon hana ɓacin rai shiga zukatan mabiyansa, amma hanyar da ɓacin ran nan zai bi ya fita tana hannunsa. Misalin abin kamar ruwan sama ne da ya sauka a kan soro. In magini ya sa indararo, ruwa ya bi ta nan ya zuba ƙasa, ba wanda ya damu. In babu indararo kuwa, ruwa ba ya komawa sama. Sai ya kwanta, ya ratsa ƙasa, ya jiƙa azara, wata rana da tsakar dare rufi ya rufto wa masu barci. Da safe mutane su ce ruwan jiya ya yi ɓarna, alhali kuwa ɓarnar ta samo asali tun ran da aka yi ginin.

Gandun uba da gandun wa

Mutumin Kanya Babba, ko na Babura, ko na ƙauyukan Roni da Gwiwa, ba sai an kai shi birni ba kafin ya gane wannan magana, gama ma'aikatar farko da ya buɗe ido ya gani ita ce gandu. A gandu akwai shugaba, watau mai gida, akwai kuma ma'aikata, watau 'ya'yansa da ƙannensa, kowane sashe da abin da ke wuyansa. Samari su ne da sassabe da shuka da firi da maimai, tun da sassafe har azahar. Abin da ya rage na yini nasu ne, kowa ya tafi gayaunarsa. Shi kuwa mai gida, iri a kansa ya ke, da fartanya da garma, da ciyar da gida duka daga rumbu, da ragon suna, da ɗawainiyar auren fari na kowane saurayi. A da har haraji shi ke biya wa kowa, kafin Gwamnatin Jihar Kano ta soke haraji da jangali a 1979. A lokacin ƙasar nan tana cikin Kano, don ba a yanke Jihar Jigawa ba sai a 1991. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan a takarda ba, amma kowa ya san su.

Sanannen abu ne ga manoma cewa gandun uba ya kan daɗe, gandun wa kuwa bai cika daɗewa ba. Gonaki su ne na jiya, shanun huɗa su ne na jiya, hannuwan da ke riƙe fartanya ba su sake ba. Mai ba da umurni kaɗai ya sake. Dattijon kirki, in damina ta kawo jiki, ya kan zauna da 'ya'yansa a zaure bayan lisha, ya ce, "Bana ina ganin mu sa gero a gonar tudu, gyaɗa kuma a ta bayan gari. Me kuka gani?" Sau tari abin da ya faɗa shi za a yi, amma kowa ya tashi yana jin da shi aka yanke. In an kai gyaɗa kasuwa, ya faɗi abin da aka sayar, ya faɗi inda kuɗin za su shiga. In ya ga fuskar wani yaro ta sake, ya ja shi gefe ya tambaye shi. Yaro ya faɗi abin da ke ransa, ko an biya masa bukata ko ba a biya ba, ya dai sauke kayan da ke ƙirjinsa.

Ran da dattijo ya kwanta dama, sai babban wa ya gaji gandu. In mai gajeren tunani ne, abin da ke fara shiga ransa shi ne tsoron raini. Ya ga ƙannen nan tare suka yi wasan ƙasa, in ya nemi shawararsu za su ce bai iya ba. Sabo da haka sai ya riƙa ba da umurni ba bayani. Ya sayar da amfani shi kaɗai, ya sa kuɗi aljihu. Mai yiwuwa ne ba cin amana ya ke nufi ba, yana dai ganin karanta wa ƙane lissafi zubar da girma ne. Ƙane ya tambaya sau ɗaya, a daka masa tsawa, ba ya ƙara tambaya. Wa ya ga gida ya yi tsit, ya ce a ransa ya iya mulki. Nan kuwa maganar da aka hana ta fita a zaure ta koma ɗakunan mata. Yau a yi faɗa a kan mudun hatsin girki, gobe a kan yaron wance ya doki na wance, jibi a kan an yi wa 'ya'yan wani ɗinkin salla an bar na wani. Kaka na yi, sai ƙane ya tafi wurin dagaci ko alƙali ya ce a raba musu gado. Mutanen gari su ce, "Mata sun raba gidan." Sun manta sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon nan kuwa a zaure ya tsage, tun ran da aka sayar da gyaɗa ba a faɗi kuɗinta ba.

Hasarar da ke biyo baya ba ƙarama ba ce. Babbar gona ta koma 'yan gutsattsari, shanun huɗa biyu ba su rabuwa uku, sai a kai su kasuwa a raba kuɗi. Wanda jiya ya ke noma abin da zai ci shekara, bana hatsinsa ya ƙare tun kafin bazara, ya shiga ƙwadago a gonar wani ko ya tafi cin rani. Amma kuma a garin nan guda a kan sami wan da ya riƙe ƙannensa shekara ashirin ba a ji kansu ba. In aka lura da shi, za a ga bai fi wancan wayo ko dukiya ba. Ya dai ɗauki halin ubansa ne: in ya dawo daga kasuwa ya zube kuɗi a tabarma a ƙirga a gaban kowa, in kuma ƙane ya zo da zafi ya bar shi ya gama magana kafin ya amsa.

Mai tsanani da mai sakaci

Abin da ke faruwa a gandu shi ke faruwa a ofis, sunaye kawai suka bambanta. A zamanin En'e, ofishin hakimi ya kan haɗa magatakarda da malamin haraji, da malamin daji da na asibiti, da 'yan doka da masinja, ga kuma leburorin hanya da helumansu. En'e ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976. A madadinta yanzu akwai sakatariyar ƙaramar hukuma, da makarantu, da asibitoci, da ƙungiyoyin manoma. Amma halin ɗan Adam bai wuce tare da En'e ba, shugabanni iri biyu da ke haifar da rigima a da, su ne ke haifar da ita har yau.

Na farko shi ne mai tsanani, wanda ya ɗauki tambaya rashin kunya ce, shawara kuma raini. Wurin aikinsa ya kan yi shiru ƙwarai, baƙo ya shigo ya yaba. Amma tun da ma'aikata sun gane duk wanda ya kawo labari maras daɗi shi zai sha faɗa, sai kowa ya ɓoye abin da ya lalace har ya gagari gyara. Da masu faɗin gaskiya suka ja baya, sai masu kai gulma su matso, domin shugaba ba ya zama ba kunne, in bai ji daga bakin masu aiki ba zai ji daga bakin 'yan tsegumi. Sa'an nan fushin da ba shi da halin hawa sama sai ya gangara ƙasa. Shugaba ya zagi akawu, akawu ya zagi masinja, masinja ya huce a kan talakan da ya yini a bakin ƙofa yana jiran a sa masa hannu a takarda. Daga ƙarshe a wayi gari wata takardar ƙara maras suna ta isa wurin na gaba, a zo bincike, shugaba ya yi ta mamaki wane ne ya ci amanarsa cikin mutanen da kullum ke durƙusa masa.

Na biyu shi ne mai sakaci, shi kuwa mutane sun fi saurin yafe masa, don ba ya faɗa. Ba ya son ɓata wa kowa, sabo da haka in mutum biyu suka nemi aiki guda sai ya ce wa kowannensu "To." In suka zo suna jayayya ya ce, "Ku je ku sasanta, ai duk ɗaya ku ke." Iko kuwa ba ya zama a ƙasa ba mai shi. In wanda aka danƙa wa ya ajiye, na kusa da shi zai ɗauka, ko yaron gidansa, ko direbansa, ko wani akawu mai baki. Nan da nan ma'aikata su rabu gida biyu, kowane gida yana cewa shi ne a bakin mai gida. Rigimar wurin mai tsanani a ɓoye ta ke, ta wurin mai sakaci a fili, amma tushensu guda ne: ma'aikaci ba shi da inda zai kai kukansa a yanke masa magana.

Ɗan Tunku da Sarki Dabo

Tarihin ƙasar nan ta arewa da Kano, inda Ɗambatta da Kazaure da Babura su ke, yana da babban misali na yadda sakewar shugaba ke tona rigimar da ke kwance. Ɗan Tunku shugaban Fulani ne da ya yi ƙarfi a wannan yanki a zamanin jihadi. Shi ya hana rundunonin sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya ba shi tuta. Da yaƙi ya ƙare sai matsayinsa ya zama da wuyar faɗi. A matsayinsa na mai tuta yana da ikon kai gaisuwa Sakkwato da kansa, amma kuma ƙasar da ya ke zaune ana ƙidaya ta cikin ƙasar Kano. Ba wanda ya zauna ya yanke iyakar abin.

Muddin Sarkin Kano Sulaimanu na da rai ba a ji komai ba, gama shi malami ne mai sauƙin kai, wanda duniya ba ta dame shi ba, bai matsa wa kowa ba. Ya rasu a 1819, Ibrahim Dabo ya gaje shi. Dabo jarumi ne, ya kuwa tarar garuruwa da yawa sun yi tawaye, ya bi su ɗaya ɗaya har aka yi masa laƙabi da Ci-gari. Ya nemi Ɗan Tunku ya yi masa mubaya'a, Ɗan Tunku ya ƙi. Sai Dabo ya ba Sarkin Bai, shugaban Dambazawa, ƙasar arewa duka, har da inda ke hannun Ɗan Tunku. Ƙasa ɗaya ta sami iyayen gida biyu, ba sauran abin da ya rage sai yaƙi. Aka shekara wajen biyar ana gwabzawa ana hutawa. Wani lokaci mayaƙan Ɗan Tunku su kai hari har kusa da ganuwar Kano, wani lokaci rundunar Dabo ta kai har duwatsun Kazaure. Ba wanda ya gama da wani, talakawan da ke tsakani su ne suka sha wahalar.

A ƙarshe aka kai maganar gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1824 ya yanke cewa Ɗan Tunku ba ya ƙarƙashin Kano, Kazaure ta zama masarauta mai zaman kanta, haka ta ke har yau. Abin da takobi ya kasa cikin shekara biyar, hukunci bayyananne daga wanda sassan biyu suka yarda da shi ya gama shi. Mai hankali zai lura rigimar nan hali biyu suka haɗu suka haife ta. Sauƙin kan Sulaimanu ya bar maganar a kwance ba a warware ba, ƙarfin Dabo kuma ya taka ta ba lallashi. Dabo kansa bai tsaya ga takobi kaɗai ba wajen zaunar da Kano. Ya raba manyan sarautu, irin su Madaki da Makama da Sarkin Bai, ga gidajen da suka yi jihadi, kowane gida ya san matsayinsa, har yau kuwa masu riƙe da sarautun nan suna cikin masu zaɓen Sarkin Kano.

Fadar Kano da rabon aiki

Bayan shekara ɗari aka sake ganin wani darasi a fadar Kano ɗin nan. Sarki Usman ya hau gado a 1919 ya riga ya manyanta, ga kuma rashin lafiya. Sai al'amura da yawa suka koma hannun manyan bayin sarki, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda ta hannunsu a ke ganin sarki. Hakimi ko mai ƙara ba ya isa ga kunnen sarki sai ya bi ta ƙofarsu, abin da suka ga dama shi ke shiga, abin da suka ga dama shi ke fitowa. Koke-koke suka yi yawa, aikin En'e ya yi rauni.

Sarki Abdullahi Bayero, wanda a ke kira Sarki Alhaji, ya hau a 1926. A farkon zamaninsa aka raba ikon nan da hannun bayi, aka tsayar da majalisa, aka rarraba aiki. Madaki ya kula da hakimai da gundumomi, Waziri da sha'anin shari'a, Galadima da al'amuran birni, Ma'aji da Baitulmali. Ma'aikaci ya san wanda zai ba shi umurni, mai ƙara ya san ƙofar da zai tsaya. Sarki bai rage girma ba don ya saki waɗannan ayyuka. A zamaninsa ne En'en Kano ta kawo ruwan famfo da wutar lantarki birni a 1931, ya kuwa yi shekara ashirin da bakwai a kan gado, har ya rasu a 1953. Ba a ce zamaninsa babu saɓani ba, amma rabon aikin nan ya nuna cewa shugaban da ya ba kowa nasa kaso ya fi samun aiki bisa ga wanda ya rungume kome, ko wanda ya bar kome ga na bakin ƙofa.

Inugu da Kaduna

Akwai kuma abin da ya auku nesa da ƙasar Hausa, wanda ya nuna iyakar inda toshe hanyar magana ke kaiwa. A Inugu a ke haƙar kwal ɗin da jiragen ƙasa na wancan zamani ke ci, har da waɗanda ke ɗaukar gyaɗa daga Kano zuwa Ikko. Shekara da shekaru babu amana tsakanin Turawan da ke shugabancin ramukan da leburorin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa. A watan Nuwamba na 1949 leburori suka rage saurin aiki da gangan, suna cewa akwai kuɗinsu na baya da aka riƙe. Shugabanni suka amsa da korar waɗansu daga cikinsu, leburori kuma suka zauna cikin ma'aikata suka ƙi fita. Hukuma ta ji tsoron kada nakiyar fasa dutse ta faɗa hannun da bai kamata ba, ta aika 'yan sanda su kwashe ta. Ran 18 ga watan, a ramin Iva, Baturen da ke jagorar 'yan sanda ya ba da umurnin a buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka yi rauni. Kwamitin da aka naɗa ya bincika ya ga kuskure ga Baturen nan, ya ga kuma laifi a yadda shugabannin ma'aikata da na ƙungiyar leburori suka tafiyar da al'amarin tun da fari. Maganar lissafin albashi ce, wadda mutum huɗu masu yarda da juna za su iya warwarewa a kan tebur cikin yini ɗaya.

Ba a cika shekara da wannan ba, a watan Agusta na 1950, wani malamin makaranta daga Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Ya nuna illar barin iko duka a hannun mutum ɗaya, ya yi magana a kan cin hanci, ya kuma nuna talakawa ba su da hanyar da za a ji ra'ayinsu. Maganar ta yi wa waɗansu manya zafi, amma ba a toshe masa baki ba. Aka sa jami'ai biyu suka bincika yadda a ke mulki a larduna, a 1952 aka sake doka ta yadda sarki zai yi aiki tare da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar Dokar En'e. Mutumin da ya kawo kukan, shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuka biyu ke nan cikin shekara guda, ɗaya ya sami indararo, ɗaya bai samu ba.

Ga wanda ya sami shugabanci

Mai karatun wannan littafi, tun da ya iya karatu da rubutu, ba zai daɗe ba za a ɗora masa wani nauyi. Watakila a sa shi heluma a wurin aikin hanya, ko magatakardan ƙungiyar manoma, ko shugaban kwamitin rijiyar burtsatse ta unguwa, ko kuwa gandun gidansu ya faɗo hannunsa. Ran da haka ta faru, rubutun nan da ya koya zai yi masa amfanin da ba a cika faɗa a aji ba. Tun ran farko ya tara jama'arsa a faɗi aikin kowa da iyakarsa, a rubuta a littafi, don kada mutum biyu su wayi gari kowa na ganin abu guda nasa ne, kamar yadda ta faru tsakanin Sarkin Bai da Ɗan Tunku. Kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita ya rubuta su da rana da wata, ya riƙa karantawa a gaban kowa ba sai an tambaya ba. Zato ba ya girma inda lissafi ke a buɗe.

Sa'an nan ya ajiye lokaci sananne wanda ƙaramin ma'aikaci zai same shi ba ta hannun kowa ba. Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa zai zuba. Waɗansu su kan ɗauki wannan karin magana kamar kukan manya ne, alhali kuwa bayanin aikinsu ne, gama garin da ba shi da juji, shara a tsakar gida ta ke taruwa. In aka kawo masa ƙarar wani, kada ya yanke sai ya ji daga bakin wancan, mai kawo gulma kuwa ya ce masa, "Tsaya a kira shi ka faɗa a gabansa." Sau biyu ya yi haka, 'yan tsegumi za su sake hanya. In ya ji duka, to, ya yanke, kada ya ce a je a dawo har magana ta yi tsami. Hukuncin da bai yi wa mutum daɗi ba, in an gaya masa dalili, ya fi sauƙin haɗiya bisa ga jiran da ba shi da ranar ƙarewa. In zai yi wa ma'aikaci faɗa ya kira shi shi kaɗai, domin mutum ya kan manta da tara, amma ba ya manta ran da aka kunyata shi gaban na ƙasa da shi.

Shi ma mabiyi akwai nasa. In an buɗe masa ƙofa, ya shiga ta ƙofar, da ladabi, da magana tsayayya, ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ya bar abin da ya ji a kasuwa. Wanda aka ba damar magana a zaure ya yi shiru, sa'an nan ya fita ya zuga 'yan'uwansa a bayan gida, shi ma ya ɗauki kasonsa na laifi. Amma nauyin ya fi yawa a kan na gaba, don shi ke da ikon buɗewa da rufewa. Saboda haka in shugaba ya ga wata biyu, wata uku sun wuce ba wanda ya kawo masa kuka ko ɗaya, kada ya yi saurin murna. Ya tashi ya zaga, ya zauna da leburori a inuwa lokacin shan fura, ya tambayi masinja yadda iyalinsa su ke, ya ji abin da a ke faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma sai in yana ɗaga kai ya dubi rufi tun ruwa bai sauka ba. Allah ya ba shugabanni haƙurin sauraro, ya ba mabiya gaskiyar faɗa.